Kakata maginiyar tukwane ce, ta yaya zan adana abin da ta sani?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina zaune a Tudun Wada, Kaduna. Kakata ta wajen uwa maginiya ce, ta fi shekara hamsin tana ginin tukwane a ƙauyensu a ƙasar Zazzau, kafin ciwon ƙafa ya sa muka dawo da ita wurinmu. Shekara biyu ke nan ina ɗaukar hirarta a waya, murya da bidiyo da hotuna. Akwai kuma kaset shida da marigayi kawuna ya ɗauka tun ina ƙarama, da littafin da yake rubuta mata ciniki, da tukwanenta tara da suka rage. Watan jiya wayar ta faɗa cikin bokitin ruwa, da ƙyar aka ceto ta, tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ta yaya zan adana waɗannan abubuwa yadda jikokinmu za su same su?

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ƙara wa tsohuwa lafiya, ya jiƙan kawunki. Na koyar da aikin yumɓu shekaru masu yawa kafin ƙaddara ta mayar da ni ɗakin ajiyar takardu, don haka tambayarki ta sosa mini inda yake ƙaiƙayi. Ki yi haƙuri idan na tsawaita.

Bokitin nan ya yi miki gata, don ya tsorata ki bai ci ki tara ba. Yau ɗin nan, ba gobe ba, ki nemi kwamfuta ki haɗa ta da wayar ta igiya, ki kwashe komai yadda yake. Kada ki tura wa kanki ko wata ƙawarki ta WhatsApp ki ce kin ajiye, domin yana matse hoto da bidiyo ya rage musu kyau, yana kuma goge bayanin ranar da aka ɗauka, sai fa in kin tura su a matsayin fayil. Daga kwamfutar ki yi kwafi uku. Ɗaya ya zauna wurinki a kan faifan ajiya na waje, wanda masu shago ke kira had-dis. Na biyu ya kwana a wani gida daban, wurin 'yar'uwa a Kawo ko Zariya, saboda gobara da ɓarawo da ambaliya ba sa tantance abin da za su ɗauka a ɗaki ɗaya. Na uku ya hau intanet.

A kan na intanet ɗin akwai abin lura. Google na ba kowa gigabait 15 kyauta, bidiyo kuwa ba ya jimawa yake cinye su, don haka murya da hotuna da rubutu za ki fara ɗorawa. Kuma tun watan Disamba na 2023 kamfanin ya ba kansa damar share duk asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba. Ga kuma matsalar layi: yawancinmu da lambar waya muke buɗe asusu, layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kuwa ana sake sayar wa wani. Ki rubuta kalmar sirrin a takarda, ki ba mutum ɗaya da kika yarda da shi. Filash da memori na ɗaukar kaya ne daga nan zuwa can, ba na ajiya ba. Idan suka daɗe ba a jona su ba abin da ke ciki yakan lalace, kuma jabunsu ya cika kasuwa, wanda za a rubuta masa gigabait 64 alhali cikinsa bai kai takwas ba, sai ya yi ta karɓar kaya yana zubarwa ba ki sani ba. Shi kansa had-dis ɗin ki ɗauke shi kamar taya, bayan shekara biyar a canza ko bai fashe ba. Ki tsayar da lokaci guda a shekara, a ce mako na farko bayan Babbar Sallah, ki buɗe kowane kwafi ki saurari fayil biyu ko uku.

Wannan duka aikin yini biyu ne, kuma shi ne mai sauƙin. Inda na ga kaya sun fi salwanta a wani wuri ne daban.

An taɓa kawo mana kwali cike da kaset na wani bawan Allah da ya zagaya ƙauyuka yana hira da masu sana'ar hannu. Kaset ɗin lafiyarsu ƙalau, gara ba ta taɓa su ba, sauti garau. A jikin kowanne ya rubuta “hira 1”, “hira 2”, har zuwa ƙarshe. Shi ya san wace ce ke magana a kowanne, ya san garin, ya san shekarar, bai ga dalilin rubutawa ba. Ya rasu. Na zauna ina sauraron wata dattijuwa tana bayanin yadda take haɗa yumɓu biyu, “na bakin rafi” da “na bayan dutse”, dalla-dalla, abin sha'awa. Wane rafi? Wane dutse? Babu mai faɗa. Muryar na nan, ilimin ya bi mai shi. Tun daga ranar na daina auna ajiya da yawan abin da aka tara, sai da yawan abin da baƙo zai ɗauka ya gane ba tare da mai tarawar yana kusa ba.

Mu 'yan Jihar Kaduna bai kamata a koya mana wannan ba, ga Nok a ƙasar Jaba. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono sassaken yumɓu a can, wajen 1943 kuma aka kai wa Bernard Fagg, wani Bature mai binciken kayan tarihi, wani kan mutum na yumɓu daga yankin Jema'a, bayan wanda ya tsince shi ya kafa shi a gonar doya yana korar ɓarna. Abin da ya sa Fagg ya iya haɗa wannan da wancan shi ne an san inda kowanne ya fito. Daga baya masu haƙar sata suka yi wa yankin kaca-kaca, sassake masu yawa suka fice zuwa Turai ba a san ramin da aka ciro su ba, ba a san abin da ke kusa da su ba. Suna da kyau a ido, amma ba su da abin da za su faɗa wa mai bincike. Masanan Jami'ar Goethe ta Farankfot da suka fara aiki a yankin a 2005 sun tarar an riga an tone yawancin wuraren. Abin da suka samo mai nauyi kuwa, da yawansa daga tsingaro ne na tukwanen girki da aka rubuta wa wuri da zurfi.

Ki dubi kuma bayan takardar naira 20. Ladi Kwali ce zaune tana gini. Mun san ta ne saboda an rubuta: Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara tukwanenta a fadarsa, wani magini Bature mai suna Michael Cardew ya gan su a can, a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da ya buɗe a Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Amma a hannun wata 'yar'uwar iyayenta ta koyi ginin tun tana yarinya a Kwali, kuma yawancin abin da aka rubuta a kanta ba ya ko ambaton sunan wannan mata. Kakarki ma wata ce ta koya mata. Tambayar farko da za ki yi mata gobe da safe ke nan: wa ya koya miki, ita kuma wa ya koya mata, daga wane gari suka zo.

To ga yadda za ki yi. Kowane fayil ki sa masa suna mai magana, shekara a gaba, sai wata, sai rana, sai abin da ke ciki, kamar 2024-03-15-kaka-hada-yumbu. Idan shekara ce a gaba, kwamfuta da kanta za ta jera su bi da bi. A sunan fayil kawai ki bar haruffa masu lanƙwasa, ki sa d da k da b, don wasu na'urori na rikita su, amma a cikin rubutun kanki ki rubuta Hausarki daidai. Sannan ki sayi littafi mai kauri guda ɗaya ya zama rajista. Kowace hira layinta: rana, wuri, wa da wa ke magana, tsawonta, abubuwan da aka taɓo da mintin da aka taɓo su. Kowane hoto: wace ce wannan, ina ne nan, me take riƙe da shi. Ki yi wannan tsohuwa na zaune kusa da ke, ki nuna mata ta faɗa. Na san aiki ne mai gundura, abin da kika ɗauka cikin shekara biyu zai ci miki makonni. Amma in aka ce in zaɓa miki tsakanin sabon had-dis da littafin nan, littafin zan zaɓa.

Yanzu bari in sa hular malamin yumɓu. Ina da yaƙinin yawancin abin da kika ɗauka fuskarta ce tana ba da labari, don haka kowa ke yi. Labarin na da daraja, amma maginiya ba ta iya faɗin rabin abin da ta sani da baki. Ki tambaye ta yawan ruwan da take zubawa, za ta ce “daidai”. Ki tambaye ta yaushe tukunya ta isa a kafa mata wuya, za ta ce “in ta yi”. Ba rowa take yi miki ba, amsar a tafin hannunta take. Ciwon ƙafa bai hana hannu aiki ba. Ki sa a kawo mata yumɓu daga ramin da ta saba ɗiba, ko buhu ɗaya ne, ki shimfiɗa mata a tsakar gida, ki kafa waya a kan wani abu tsayayye ta kalli hannuwan, ba fuskar ba. Kada ki yanka, kada ki sa kiɗa, kada ki hanzarta. Ki bar shi ya yi ta tafiya ko awa biyu ne, har da wurin da ta tsaya ta tsinci tsakuwa ta jefar, har da wurin da ta ɓata ta rushe ta sake. Ki ɗora wayar a kwance, ki guji rana tsaka mai ƙone hoto, ki kashe janareta in da hali, domin ƙarar bugun yumɓu ma bayani ce.

Ki lura da hanyar da take bi, ki tambayi sunan kowane mataki a bakinta. Magina da yawa a ƙasar Hausa kan kife tsohuwar tukunya, su barbaɗa toka, su shimfiɗa yumɓu a bayanta su bubbuga har ya ɗauki siffar gindi, in ya sha iska su cire su ɗora sauran jiki. Matan Gbagyi kuwa, irin su Ladi Kwali, daga dunƙule suke jawo bango sama suna ƙara murɗaɗɗen yumɓu, maginiyar ce ke zagaya tukunyar da ƙafa. Wace ce tata a ciki, ko kuwa ta haɗa? Wannan kaɗai na iya nuna inda sana'ar gidanku ta samo asali, domin ado ana kwaikwayonsa a kasuwa cikin mako guda, amma yadda hannu ke fara tukunya daga uwa ake ɗauka, kuma da wuya ya canza. Kayan aikinta ma, totuwar masara, guntun ƙwarya, tufkakkiyar igiyar da ake mirginawa a kafaɗar tulu, dutsen guga mai santsi, ki ɗauki hoton kowanne da rula a gefensa, ki rubuta sunan da ita take kiransa, ko da ba ki taɓa jin kalmar ba. Musamman ma in ba ki taɓa ji ba.

Sai yumɓun kansa, wanda kusan kowa ke mantawa. Ramukan yumɓu na ɓacewa, wani a yanka filaye a kansa, wani a haƙe shi a buga bulo. Ki je da wani daga ƙauyen ya nuna miki, ki sa wayarki ta ɗauki lambobin wurin a taswira, ki rubuta zurfin da ake kai wa kafin a sami mai kyau, da lokacin shekarar da ake ɗiba. Ki ɗebo kamar mudu ɗaya na kowane iri, ki shanya ya bushe ƙarau, ki zuba a kwalba mai murfi, takarda ɗaya a ciki ɗaya a waje, da fensir. Busasshen yumɓu ba ya ruɓewa, zai jira mai bincike shekara ɗari. Haka za ki yi wa abin da take haɗawa da shi, yashi ne, ko dakakken tsingaro, ko ƙaiƙayi. Kalmar “daidai” kuma ga yadda ake kama ta: kafin ta kwaɓa, ki auna kowane kashi da mudu ko sikeli, ki bar ta ta ɗiba yadda ta saba, sannan ki auna abin da ya rage. Ki yi haka sau uku a ranaku daban, za ki sha mamakin yadda hannunta ke komawa kusan wuri ɗaya. Daga kwaɓin ki yanki ɗan falle, ki ja masa layi mai tsawon santimita 10, ki sake aunawa bayan ya bushe da bayan an gasa. In ya dawo 9 da rabi, ya tsuke da kashi 5 cikin ɗari. Da wannan lamba ɗaya wani magini a wani gari zai san ko yumɓunsa ya yi kusa da nata.

Gashi shi ne sashen da ya fi wuyar kamawa, kuma shi ne ya fi saurin mutuwa, don ba a yin sa a tsakar gidan Tudun Wada. Gashin fili, na kara da ciyawa da itace da kashin shanu, zafinsa yakan tsaya tsakanin digiri 600 zuwa 900, kuma yana tashi da sauri ƙwarai. Duk dabarun da za ki ji tana faɗa suna da dalili. Ana ɗumama tukwane kafin a jera su saboda ragowar ruwan da ke cikin bango in ya tafasa farat ɗaya tururinsa ke tarwatsa tukunya. Ana haɗa yumɓu da abu mai kaushi don tururin ya sami hanyar fita. A wajen digiri 573 ƙwayoyin yashin da ke ciki kan kumbura kaɗan, su koma in ana hucewa, nan ne tsaga ke yawan shiga. Ƙananan ƙofofin da wannan gashi ke bari a jiki su ne ke sa tukunya ta jure harshen wuta a murhu, su ne kuma ke sa randa ta yi gumi ruwa ya yi sanyi. A Abuja, da aka gasa irin tulunan Ladi Kwali da zafin da ya haura digiri 1,200 aka kuma shafa musu ƙyalli, sun yi kyau sun shiga gidajen tarihi, amma sun yi nauyi kuma sun daina sanyaya ruwa. Ina faɗin wannan ne don kada wani ɗan boko ya sa ki ji kamar aikinta bai kai ba. In tana yayyafa ruwan makuba, na ɓawon ɗorawa, a kan tukunya da zafinta, ki tambayi yadda ake dafa shi da abin da yake ƙara wa tukunyar. In tana rufe su da ɗanyen ganye ko dusa don su yi baƙi, hayaƙi ne ke shiga jikin, ki rubuta wane ganye.

Tukwane taran nan, don Allah kada ki wanke su. Na san hannun mace ba ya son ganin baƙin tukunya, amma ki daure. A 2021 masana daga Jami'ar Biristol da abokan aikinsu na Farankfot sun fitar da sakamakon gwajin tsingaron Nok, suka sami alamar kakin zuma da ya shige jikin yumɓun tun kimanin shekara 3,500 da suka wuce. Da wani ya goge su da omo da soso, da wataƙila ba mu ji wannan labari ba. Ki kaɗe ƙura da burushi mai laushi kawai. Kowace ki ba ta lamba a ɗan kati, ki ɗaura da zaren auduga, ban da fenti ko alƙalamin maka a jikinta. Ki ɗauki hotonta ta gefe, ta sama, ta gindi, da ciki. Ki sa tsohuwa ta ba da labarin kowace, tulu ne ko randa ko kwatarniya ko kasko, me ake yi da ita, yaushe ta gina, me ya sa wannan ba a sayar ba. Ki ɗora su a kan gammo a wurin da yara ba sa wasa, kuma a ɗauke su da hannu biyu ta ƙasa, ba ta baki ba. In ɗaya ta fashe, ki tattara gutsattsarin a kwali ɗaya da lambarta, kada ki liƙa da sufa-gulu. Karyayyen gefe ma yana nuna kaurin bango da abin da aka haɗa, abin da lafiyayyar tukunya ke ɓoyewa.

Kaset ɗin kawunki su ne suka fi komai tsufa, su ne kuma ba su da na biyu. Ki fara ɓalle 'yan ƙananan harsunan roba da ke samansu don kada wani ya danna ya goge. Kada ki gwada su a tsohuwar rediyon da ta shekara goma a kan sif, za ta iya cinye zaren a gabanki. Kaduna garin rediyo ne tun 1962, akwai tsofaffin ma'aikatan sauti da suka san kaset kamar yunwar cikinsu, ki nemi ɗaya mai na'ura mai tsabta, ki zauna a wurin a juya, kada ki bar su ki tafi. Ki ce a ba ki a tsarin WAV, wanda ba a matse ba, ko da awa ɗaya za ta ci kusan gigabait guda, sannan a yi miki MP3 na saurare. Bayan an juya kada ki yar da kaset ɗin, ki jera su a tsaye, nesa da zafi da lasifika.

Littafin ciniki kuwa kada ki raina shi. Shi zai nuna wane irin tukunya ake nema a wace shekara, da nawa, a wace kasuwa, da lokacin da roba da tukunyar dalma ta Panteka suka fara cin kasuwar. In kin ga fam da sule a ciki kada ki yanke cewa kafin 1973 aka rubuta, shekarar da naira ta shigo, don mutanenmu sun daɗe suna lissafi da fam bayan nan. Ki ɗauki hoton kowane shafi har da bango da shafukan da ba komai. Kada ki yarda a yi masa laminatin, zafi da gam ne da ba a iya warwarewa. Ban da salatif, ban da ƙusar takarda mai tsatsa, ban da ƙulle shi a leda, don a damina leda na riƙe danshi ya yi fumfuna. Ki naɗe shi a farar takarda, ki sa a akwatin ƙarfe, ki ɗaga akwatin daga ƙasa ki janye shi daga bango saboda gara.

Hirarrakin da suka fi muhimmanci ki rubuta su kalma da kalma, yadda ta faɗa, da Zazzagancinta, kada ki gyara mata zuwa Hausar makaranta. Ki buga su a takarda tare da zaɓaɓɓun hotuna kamar hamsin, ki yi kwafi uku ki raba a dangi. Takarda ba ta neman caji ko kalmar sirri.

Akwai maganar da ta fi na'ura wuya, ita ce ta izini. Ilimin nata ne. Ki kunna rikoda ki tambaye ta a fili me ta yarda kowa ya ji, me ta ce na gida ne. Magina na da abubuwan da ba sa faɗa wa bare, wata addu'a, wani haɗi, wani hani game da ranar zuwa rami. Abin da ta ce a rufe, ki ware masa wuri dabam ki rubuta hakan a rajista. In akwai matan mutane a cikin bidiyon, a nemi yardarsu kafin fuskarsu ta fita waje. Kaset da littafi kuma kayan marigayi ne, akwai magada, ki sanar da su, ki ba su kwafi, a rubuta 'yar takarda cewa wance ce ke riƙe da asali, in ba ta nan wane ne zai karɓa. Ke ɗaliba ce, gobe aure ko aiki zai iya kai ki Sakkwato ko Legas. Tun yanzu ki jawo ƙanwa ko ɗan'uwa ɗaya ya san inda komai yake.

In rajistar ta kammala, sai ki fita da ita. Gidan Arewa da ke titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, cibiyar bincike da adana tarihi ce ta Jami'ar Ahmadu Bello. Akwai Gidan Tarihi na Ƙasa a titin Ali Akilu, akwai reshen Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a nan Kaduna, akwai kuma malaman yumɓu a jami'ar da ke Samaru waɗanda za su iya gwada miki samfurin da kika ɗebo. Gidan tarihin Jos na da tarin tukwane daga sassan Najeriya, wanda Sylvia Leith-Ross ta yi wa kundi a 1970, in kin sami zuwa ki kwatanta da na kakarki. Duk inda za ki kai, kwafi za ki bayar, asali ya zauna a gida, kuma ki karɓi takardar shaida mai jerin abin da kika miƙa da sharuɗɗan da tsohuwa ta gindaya. Gidan Tarihin Birtaniya na da wani shiri da ya fara a 2018 mai ba da tallafi don ɗaukar sana'o'in hannu da ke neman ɓacewa. Sharaɗinsu shi ne abin da aka ɗauka a buɗe shi ga duniya a intanet, don haka sai kun yi shawara a gida, kuma zai fi sauƙi ki nema tare da wani malamin jami'a.

Abu ɗaya da zan so ki sa wa rana shi ne gashi. Bayan an gama girbi, kara ya samu, iska ta bushe, ki shirya da wata maginiya a ƙauyen da har yanzu take yi, ku ɗauki tsohuwa a mota ku kai ta, da tukwanen da ta gina a tsakar gidanku. Ba sai ta ɗaga komai ba, kujera za a ajiye mata daga gefen da hayaƙi ba ya bi. Ki tafi da waya biyu da abin caji cikakke, ɗaya ta kalli wutar daga jeri har kwashewa, ɗayar ki maƙala kusa da bakinta, ki rubuta ƙarfe nawa aka kunna, ƙarfe nawa ta ce a ƙara ciyawa, ƙarfe nawa ta ce ya isa. Za ta yi faɗa, za ta ce an jera ba daidai ba, za ta ce wannan karan ɗanye ne, wancan tulun a juya bakinsa. Kada kowa ya ce mata ta yi haƙuri, kuma kada ki kashe rikodar.